Tannenberg, 1914: yadda Jamus ta cinye rundunar Rasha, da abin da nasarar ta haifa

An yi tambaya cewa: me ya faru a Tannenberg a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta yaya Jamusawa da ba su kai Rashawa yawa ba suka yi musu irin wannan kaye, kuma da gaske ne wannan yaƙi yana da hannu a hawan Hitila mulki, alhali kusan shekara ashirin ke tsakaninsu?

Malam mai tambaya, an gwabza wannan yaƙi ne daga 26 zuwa 30 ga Agusta 1914, a lardin Purushiya ta Gabas, wanda a lokacin shi ne ƙurewar ƙasar Jamus ta gabas, yau kuwa filin dagar yana cikin ƙasar Polan. Cikin kwana biyar Jamus ta yi wa runduna guda ta Rasha zobe, ta cinye ta kusan ɗungurungum. A fannin dabarun yaƙi babu mai musun girman nasarar. Amma a ganina ba a fagen fama ta fi yin nauyi ba, domin Rasha ta ci gaba da yaƙi har shekara uku bayanta. Inda ta yi nauyi shi ne cikin gidan Jamus, inda ta ƙera musu gwarzon da ba a iya ce masa a'a, wato Hindenburg, mutumin da daga baya ya riƙe makomar ƙasar a hannunsa sau biyu, kuma duka biyun abin bai yi kyau ba.

Jamus ta shiga yaƙin tana tsakanin abokan gaba biyu, Faransa a yamma, Rasha a gabas. Lissafin hafsoshinta shi ne Rasha ƙasa ce mai faɗi, layin dogonta kaɗan ne, za ta ɗauki kamar mako shida kafin ta tara sojojinta. Saboda haka aka tura runduna bakwai yamma, su ratsa Beljiyam su gama da Faransa cikin wannan wa'adi, aka bar runduna ɗaya tak, Runduna ta Takwas, ta tsare gabas. Rasha kuwa ta riga ta yi wa Faransa alkawarin za ta kai hari da wuri, kuma ta cika alkawari tun kafin ta gama shiri. Ta turo runduna biyu. Ta ɗaya, ƙarƙashin Janar Rennenkampf, ta shigo daga gabas ranar 17 ga Agusta. Ta biyu, ƙarƙashin Janar Samsonov, ta taso daga kudu, daga ɓangaren Polan da ke hannun Rasha. Idan aka haɗa su biyu sun kusa ninka Jamusawa. Nufin shi ne Rennenkampf ya ja hankalin Jamusawa, Samsonov ya zagayo ta bayansu ya tare musu hanyar gudu.

A takarda shirin ba shi da aibi. Abin da ya ɓata shi shi ne ƙasar da kanta. Tsakanin rundunonin biyu akwai jerin tafkunan Masuriya, ruwa da fadama da daji na kusan kilomita 80, waɗanda babu yadda runduna za ta ratsa su cikin sauri. Kowane janar yana gefensa, ba ya iya kai wa ɗan'uwansa ɗauki a kwana ɗaya ko biyu. Jamusawa kuwa suna ciki, layin dogonsu na zagaye bayan tafkunan, kuma hafsoshinsu sun shekara da shekaru suna atisaye a kan daidai wannan matsala: a bugi ɗaya da dukan ƙarfi, sannan a juyo kan ɗayan.

Karon farko bai yi wa Jamus daɗi ba. Ranar 20 ga Agusta, a Gumbinnen, Rennenkampf ya kora su baya. A wannan rana kuma labari ya iso cewa Samsonov ya kunno kai daga kudu. Kwamandan Runduna ta Takwas, Janar Prittwitz, cikinsa ya ɗuri ruwa, ya buga waya hedikwata yana maganar janyewa har bayan kogin Vistula, wato a sallama wa Rasha lardin gaba ɗaya. Wannan lardi kuwa shi ne tushen masarautar Purushiya, nan gandayen manyan hafsoshi suke, kuma tuni hanyoyi sun cika da manoma masu gudun hijira da amalanke da shanu. Babban hafsan hafsoshi, Moltke, ya tuɓe Prittwitz nan take.

Wanda aka fara nema shi ne Erich Ludendorff, hafsa mai kaifin ƙwaƙwalwa da zafin rai, wanda ya yi suna makonni biyu da suka wuce wajen kama birnin Liège na Beljiyam. Matsalarsa ita ce muƙaminsa bai kai ya jagoranci runduna ba, kuma ba ɗan sarauta ba ne. Sai aka nemo dattijon da za a ɗora a kansa, aka tuna da Paul von Hindenburg, mai shekara 66, wanda ya yi ritaya tun 1911 yana zaune a Hanover. Kafin asubahin 23 ga Agusta jirgin ƙasa na musamman da ya ɗauko Ludendorff ya tsaya a tashar Hanover, Hindenburg ya hau sanye da tsohon kakinsa mai launin shuɗi, domin bai ma samu ɗinka sabon kaki mai ruwan toka da ake yaƙi da shi ba. Ranar suka fara haɗuwa da juna.

Da suka isa sun tarar aikin ya riga ya kankama. Wani hafsan tsare-tsare na rundunar, Laftanar Kanar Max Hoffmann, wanda ya san Rasha kuma ya kalli yaƙinta da Japan da idonsa, shi da abokan aikinsa sun riga sun ba da umarnin a kwashe rukunin Janar François a jirgin ƙasa, a zagaya da su kudu maso yamma, a sauke su a gefen hagun Samsonov. Rukuni ɗaya a lokacin mutum ne wajen 40,000, da dawakai da igwogi, kuma jirage sun yi ta jigila dare da rana. Abin da Hindenburg da Ludendorff suka ƙara shi ne kasadar da ta fi girma. Suka janye sauran rukunai biyu, na Mackensen da na Below, daga gaban Rennenkampf, suka tura su kudu da ƙafa su faɗa wa gefen daman Samsonov. Abin da ya rage gaban rundunar Rasha ta ɗaya kusan dakarun doki ne kawai, suna kai-kawo don a ɗauka akwai mutane. Da Rennenkampf ya matsa gaba da ƙarfi a waɗannan kwanaki, da ya sauka a bayan Jamusawa, da yau wani labari ake bayarwa.

Abin da ya ba su ƙarfin halin yin wannan kasada shi ne sun san abin da Rashawa ke shirin yi. Rundunonin Rasha ba su da isasshiyar wayar tarho, kuma ba a raba wa kowane rukuni littafin sirrin saƙo yadda ya kamata ba, don haka sukan aika umarni ta wayar iska a fili, da harshen Rashanci tsantsa. Tashoshin Jamus suna saurare. Ranar 25 ga Agusta aka tsinci saƙo biyu, ɗaya ya nuna Rennenkampf ba ya gaggawa, ɗayan ya zayyana inda kowane rukunin Samsonov zai nufa. Hoffmann ya ba da labarin cewa ya bi motar su Hindenburg a guje a kan hanya, ya miƙa musu takardar ana cikin tafiya. Mutane kan tsaya a kan wannan batu kamar shi kaɗai ne sirrin nasarar, amma shirin ya riga saƙonnin. Amfaninsu shi ne sun kwantar wa kwamandoji hankali su ci gaba da abin da suka fara, haɗe da rahoton ƙananan jiragen sama masu leƙen asiri.

Halin da mutanen Samsonov ke ciki ya cancanci a tsaya a kansa, domin an cika yi musu rashin adalci a tarihi. Sun yi kwanaki suna tafiya da ƙafa cikin zafin Agusta, a kan hanyoyin yashi da ke cinye ƙafafun keken igwa har sai an ninka dawakai kafin a ja. Rasha da gangan ta bar wannan yanki na kan iyaka babu hanyoyin kirki don kada Jamus ta ji daɗin shigowa, sai ga shi abin ya koma kanta. Faɗin layin dogonta ma ya sha bamban da na Jamus, jirginta ba ya hawa layin abokan gaba. Burodi bai iso ba, dawakai babu hatsi. A bayansu kuma akwai Janar Zhilinsky, mai kula da rundunonin biyu daga nesa, wanda ya sa a ransa cewa Jamusawa gudu suke yi, yana ta zungurar Samsonov ya ƙara sauri kada su kuɓuce. Haka rundunar ta baje a faɗin fiye da kilomita 90, tsakiyarta na kutsawa arewa, gefunanta biyu a sake.

Ranar 26 Mackensen da Below suka afka wa rukunin Rasha na gefen dama a wajen Bischofsburg, suka tarwatsa shi, ya ja da baya ba tare da Samsonov ya samu labari da wuri ba. A gefen hagu Ludendorff ya umarci François ya kai hari a ranar, François ya yi ta jan ƙafa domin igwoginsa ba su gama sauka daga jirgi ba. Da safiyar 27, da suka kammala, ya yi wa Rashawa ruwan wuta a Usdau har suka watse suka nufi Soldau. Gefe biyu ke nan sun tafi. Samsonov, maimakon ya janye, sai ya ci gaba da tura tsakiyarsa gaba, kuma mutanensa sun yi faɗa na gaske a can, har suka girgiza Jamusawan da ke gabansu. An ce a waɗannan darare hankalin Ludendorff ya tashi, ya fara tunanin fasa zoben saboda tsoron Rennenkampf. A nan ne Hindenburg ya yi nasa aikin: ya tsaya kan shirin bai motsa ba. Wannan ba ƙaramar gudummawa ba ce, kuma duk mai son rage masa daraja ya kamata ya amince da ita.

Ranar 28 François ya sake yin gaban kansa. An ce ya karkata arewa ya taimaki tsakiya, shi kuwa ya miƙe gabas ya kama Neidenburg, ya jera mutanensa a kan hanyar da ta tafi Willenberg, inda suka haɗu da na Mackensen washegari. Ƙofa ta rufe. A ranar 28 ɗin Samsonov ya naɗe na'urar wayarsa, ya hau doki ya tafi gaba don ya ga abin da ke faruwa da idonsa, daga nan rundunar ta zama ba ta da mai ba da umarni. Dubban mutane da dawakai da kekunan kaya suka cakuɗe a cikin daji, duk hanyar da suka ɓullo sai su tarar da bindiga mai jigida na jiransu. A daren 29 Samsonov da hafsoshi kaɗan suna tafe da ƙafa cikin duhun daji, yana fama da ciwon asma, suna ƙyasta ashana don duba na'urar nuna alƙibla. Ya ware daga cikinsu, aka ji ƙarar bindiga sau ɗaya. Ya kashe kansa.

Jamus ta kama fursunoni wajen 92,000, ciki har da kwamandojin rukunai biyu, Martos da Klyuev, da igwogi ɗaruruwa. Rashawan da aka kashe ko aka raunata sun kai dubun-dubata. Asarar Jamus ba ta kai 20,000 ba. Don mai karatu ya gane lokacin, a wannan makon ne Jamusawan Togo suka miƙa wuya ga Ingila da Faransa, kuma a cikinsa ne sojojin Ingila da suka taso daga Yola suka kai hari Garwa, a Kamaru da ke hannun Jamus a lokacin, aka kora su.

Za ka ji ana cewa Rennenkampf ya ƙi kai ɗauki ne saboda tsohuwar gaba, wai shi da Samsonov sun taɓa ba hammata iska a tashar jirgin Mukden lokacin yaƙin Japan. Hoffmann ne ya yaɗa wannan labari, masana tarihi kuwa ba su samu hujjarsa ba. Gaskiyar ta fi haka sauƙi: Zhilinsky ya umarci Rennenkampf ya nufi birnin Königsberg, shi ma mutanensa sun gaji, kuma lokacin da aka ce ya juya kudu bakin alƙalami ya bushe. A Rasha kuwa, da yake sunansa na Jamusanci ne, sai aka yi ta raɗe-raɗin cin amana. Irin wannan zargi ya yi ta ruruwa har ya kai ga matar sarki, wadda ita ma haifaffiyar Jamus ce, kuma ya taimaka wajen zubar da mutuncin gidan sarautar kafin juyin juya halin 1917.

Nasarar ba ta karya Rasha ba. A watan Satumba Jamusawa suka juya kan Rennenkampf a tafkunan Masuriya, suka kore shi, amma ya tsere da mafi yawan rundunarsa, kuma Rashawa sun sake dawowa lardin, sai a Fabrairun 1915 aka fitar da su gaba ɗaya. A kwanakin Tannenberg da makonni biyu da suka biyo baya, can kudu a Galisiya, Rasha tana lallasa ƙawar Jamus, Austiriya, ta kama birnin Lemberg, ta yi mata asarar mutum sama da 300,000. A yamma kuma, tsoron da Prittwitz ya jefa a zukata ya sa Moltke ya cire rukunai biyu daga Beljiyam ya turo gabas. Sun iso bayan an gama yaƙin, kuma ba sa nan lokacin da aka tare Jamus a kogin Marne na Faransa a farkon Satumba. Masana na jayayya kan ko rashinsu ne ya jawo faɗuwar, amma babu jayayya cewa a Marne ne shirin gama yaƙi cikin mako shida ya mutu. Hukumomin Jamus sun rufe wa jama'a girman abin da ya faru a Marne, suka buga gangar Tannenberg.

Sunan ma zaɓensa aka yi. An fi gwabzawa a kewayen Hohenstein da kudancin Allenstein, amma akwai wani ƙauye kusa mai suna Tannenberg, inda a ranar 15 ga Yuli 1410 sojojin Polan da Lituwaniya suka murƙushe mayaƙan Jamusawa na ƙungiyar Tutonik, wata ƙungiyar mayaƙan addinin Kirista, suka kashe shugabansu. Da aka laƙaba wa sabon yaƙin wannan suna, sai ya zama ramuwar gayya bayan shekara 500, duk da cewa Rashawa aka yaƙa a 1914. Kuma da yake an yi shi a kan ƙasar Jamus, an kori mai mamaya, ya tabbatar wa talakan Jamus abin da gwamnati ke faɗa masa, cewa yaƙin kare kai ake yi.

Duk wannan yabo a kan mutum ɗaya ya sauka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: Hoffmann da François, da ma Ludendorff, sun mutu suna jin an tauye musu haƙƙi. Hindenburg ya zama fil mashal a Nuwamban 1914. Hotonsa ya shiga kowane gida, aka sa sunansa a tituna, har da wani gari. A Satumban 1915 aka kafa ƙaton mutum-mutuminsa na katako a tsakiyar Balin, tsayinsa wajen mita 12. Mutum zai biya kuɗi a ba shi ƙusa, ta ƙarfe ko mai ruwan azurfa ko na zinariya gwargwadon aljihunsa, ya hau tsani ya kafa ta a jikin katakon, kuɗin a taimaki iyalan waɗanda suka mutu a daga. Farin jininsa ya shafe na sarkin Jamus Wilhelm kansa.

Da wannan farin jini ne shi da Ludendorff suka karɓi ragamar sojojin Jamus gaba ɗaya a Agustan 1916, kuma daga nan kusan su ke mulkin ƙasar. Duk lokacin da aka ƙi bin ra'ayinsu sai su yi barazanar ajiye aiki, kuma babu mai iya ɗaukar nauyin a ce ya kori gwarzon Tannenberg. Da haka suka tilasta a sakar wa jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku mara su nutsar da kowane jirgi, abin da ya jawo Amurka cikin yaƙin a Afrilun 1917. Da haka suka kawar da shugaban gwamnati Bethmann Hollweg. A bazarar 1918 suka zuba sauran ƙarfin ƙasar a hare-haren yamma, suna neman wata Tannenberg ɗin, ba su samu ba. A ƙarshen Satumba su da kansu suka ce wa gwamnati ta nemi tsagaita wuta cikin gaggawa.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan tarihi shi ne abin da ya biyo baya. A Nuwamban 1919 Hindenburg ya tsaya gaban kwamitin majalisa ya ce ba a ci sojojin Jamus a fagen fama ba, daga gida aka soke su ta baya. Ya san ba haka ba ne, domin shi ya nemi a tsagaita wutar. Amma da yake daga bakinsa maganar ta fito, miliyoyin mutane suka gaskata, aka ɗora laifin faɗuwa a kan 'yan siyasar farar hula da 'yan gurguzu da Yahudawa. Wannan ƙarya ita ce abincin da jam'iyyar Nazi ta Hitila ta girma da shi. Ludendorff ma ya fito fili ya yi tattaki kafaɗa da kafaɗa da Hitila a yunƙurin juyin mulkin Munich na 1923.

A 1925 aka zaɓi Hindenburg shugaban ƙasa yana da shekara 77, mutumin da zuciyarsa na tare da sarauta, aka ba shi amanar jamhuriya. A 1932 aka sake zaɓensa, ya kayar da Hitila da kashi 53 cikin ɗari, da ƙuri'un masu son dimokuraɗiyya waɗanda suka ga shi kaɗai ne katangar da ta rage. Ranar 30 ga Janairu 1933 ya naɗa Hitila shugaban gwamnati, bayan wata guda kuma ya sa hannu a dokar ta-ɓaci da ta soke 'yancin jama'a. To a nan amsar sashe na uku na tambayarka take. Tannenberg ba ita ta haifi Hitila ba; akwai yarjejeniyar Versailles da aka ƙaƙaba wa Jamus bayan yaƙin, da karyewar tattalin arziki daga 1929, da rashin aikin yi na miliyoyi, da makircin 'yan siyasa irin su tsohon shugaban gwamnati Papen. Amma ikon naɗa shugaban gwamnati yana hannun mutum ɗaya, kuma babu abin da ya kai wannan mutum kan kujerar sai kwana biyar ɗin nan na Agustan 1914.

An gina wa yaƙin katafaren wurin tunawa kusa da Hohenstein, ganuwa mai kusurwa takwas da hasumiya takwas, aka buɗe shi a Satumban 1927, kuma a jawabin buɗewar Hindenburg ya musanta cewa Jamus ce ta haddasa yaƙin duniya. Da ya rasu ranar 2 ga Agusta 1934, Hitila ya haɗe muƙamin shugaban ƙasa da nasa, ya sa sojoji suka yi masa rantsuwar biyayya da sunansa, sannan ya binne dattijon a wannan wuri da gagarumin biki, saɓanin abin da mamacin ya so. A 1939 'yan Nazi suka sa wa shirinsu na kashe malamai da limaman coci da sauran manyan Polan sunan Tannenberg. A Janairun 1945, da sojojin Tarayyar Sobiyet suka matso, Jamusawa suka kwashe akwatunan gawar Hindenburg da matarsa, suka tarwatsa wani sashe na ginin da nakiya. Sojojin Amurka ne suka tsinci akwatunan a ramin haƙar gishiri a yankin Thuringia, aka sake binne su a wani coci a Marburg. Bayan yaƙi aka raba Purushiya ta Gabas, arewa ta koma hannun Sobiyet, Königsberg ta zama Kaliningrad, kudu ta koma Polan, Allenstein ta zama Olsztyn, Hohenstein ta zama Olsztynek. Hukumomin Polan sun rushe sauran ginin suka yi amfani da duwatsunsa a wasu gine-gine. Taron da ake yi a wannan yanki duk watan Yuli yanzu na yaƙin 1410 ne, wanda mutanen Polan ke kira Grunwald.